Ranar da Ƙamus Ya Raɗa wa Shagon Yaya Suna

A layin da masu faci ke zama, tsakanin shagon tela da rumfar mai gyaran rediyo, akwai wani mutum da kowa ke kira Ƙamus. Shi ya raɗa wa kansa sunan. Ya taɓa yin gadi a wani shagon sayar da littattafai, tun daga nan yake cewa Turanci ta hanci ya shige shi, saboda shekarun da ya yi yana shaƙar ƙurar littattafan. Alƙaluma ne jere a aljihun gaban rigarsa, ko ɗaya ba ya rubutu.

A ɗakin waje na gidan yayarsa yake kwana. Ita Yaya mijinta ya rasu, ta yi shekaru tana dafa wa ɗalibai abinci a wata makaranta har ta yi ritaya. Abin da ta fi iyawa shi ne alawa, 'yan ƙanana masu kama da maɓallin riga, akwai ja, akwai kore, akwai mai ruwan ƙwai. Sai ta sayar da keken ɗinkinta da firjin gidan, ta kama ɗan shago a layin, ta wanke shi, ta jera kwalabe.

Ƙamus ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya.

"Yaya, me za a rubuta a allo?"

"Shagon Alawa."

"Ko akuya ce ta wuce ai ta san shagon alawa ne. Suna ake nema wanda zai sa mai mota ya taka birki."

"To faɗi naka."

Ya gyara murya, ya dubi sama. "Ekstasi."

A rediyo ya tsinci kalmar. Wani mai sharhin ƙwallo ne ya yi ta kururuwa da ita da aka ci wata ƙwallo ana dab da tashi, Ƙamus ya tambayi mai gyaran rediyo, shi kuma ya ce da alama murna ake nufi. Iyakar abin da ya sani ke nan.

"Cuta ce?" in ji Yaya.

"Farin ciki ne. Amma ba irin wanda kika saba gani ba. Turawa sun kasa farin ciki kashi-kashi, kamar yadda ake kasa tumatir. Akwai na wanda ya tsinci makullinsa. Akwai na wanda surukarsa ta ce gobe za ta koma gida. Can ƙoli kuma, inda babu na sama da shi, shi ne ekstasi."

Mai faci, wanda bencinsa ke kusa da ƙofar, ya ɗago daga kan tayar da yake nitsarwa a ruwa. "Daga ina suka samo ta?"

"Daga wurinmu. Wani Bature ne ya ga an yi wa wani mutum albishir ɗin tagwaye, mutumin ya zube ƙasa don murna, jama'a suna ta ce masa, 'E, ka tashi, e, ka tashi.' Baturen ya rubuta ya kai gida. Harshensu ya kasa, ta koma ekstasi."

"Kana wurin?"

"Ba na wurin, amma na san wanda ya ɗaga mutumin."

Yaya ta nuna shi da yatsa. Ko da gemunsa ya fara fari, Auta take ce masa. "Auta, duk abin da na mallaka yana cikin shagon nan. In ka jawo mini abin magana, katifarka za ta riga ka fita daga gidana."

"Yaya, nan da ɗan lokaci da kanki za ki ce in dawo ɗakin ciki."

Ya ƙi a kira mai rubuta allo, ya ce ba a ba wanda bai san asalin kalma ba ya taɓa ta. Ya samo katako biyu, ya ari tsani a wurin tela, ya sayo jan fenti. Sai da ya hau sama ya tuna bai taɓa ganin kalmar a rubuce ba. Ya rubuta ta yadda kunnensa ya ji. Ya fara da manyan baƙaƙe irin na mai wadata, kafin ya farga katako na farko ya cika da EKS. Ya matsa ya rubuta TASI a na biyun. Wajen miƙewa ya ƙarasa baƙin ƙarshe tsanin ya zame, gwangwanin fenti ya yi sama, ya sauka kan farar rigar da tela ya rataye a waje, wadda mai ita zai zo karɓa da yamma.

Tela ya fito da almakashi a hannu. "Ƙamus, me zan ce wa mai rigar nan?"

Daga ƙasa, yana riƙe da ƙugu, Ƙamus ya ce, "Ka ce masa yayi ne. A ƙasashen waje sai an biya ƙari ake yi wa mutum haka."

Mai faci ya ja baya ya karanta allon a hankali. "Eks, tasi. Eks ɗin nan ba shi ne na wanda ya bar aiki ba? Kamar tsohon soja?"

"Kai dai ka ji da tayarka."

Washegari Yaya ta zo buɗe shago ta tarar babu hanyar shiga. Tasi uku ne a ƙofar, duka matattu. Ɗaya babu ƙofofi, ɗaya an janyo ta da igiya, ta ukun kuwa kaza ce kwance a kujerar direba. Shugaban direbobin tasha, wani ƙato mai tawul a wuya, ya gaishe ta da ladabi.

"Hajiya, Allah ya saka. Mun daɗe muna neman inda ake karɓar tsofaffin tasi. Akwai wasu suna hanya."

"Alawa nake sayarwa, bawan Allah."

"Amma allo ya ce eks tasi."

Yaya ta juya neman ƙanenta. Ƙamus ya matso yana murmushi, kamar dama haka ya tsara.

"Ba ku yi kuskure ba," ya ce wa direbobin. "Masana sun kasu biyu. Wasu sun ce kalmar daga 'e, ka tashi' ta fito. Wasu kuma sun ce daga murnar da direba ke yi ne ranar da ya rabu da tsohuwar tasinsa. Ku duba fuskokinku. Ba ku ji wani sanyi a rai ba?"

Shugaban ya yi tunani. "Gaskiya na ji."

"To ita ce."

Direbobin suka yi musabaha da shi, suka tafi cikin jin daɗi, suka bar motocin. Yaya ta raɓa ta tsakanin biyu daga ciki, zanenta ya maƙale a wani ƙarfe ya yage.

"Kafin la'asar ka kwashe mini su," ta ce.

"Matsalar ƙarancin bayani ce, Yaya. Jama'a ba su san me ke ciki ba. Bari ki gani."

Bai kwashe ko ɗaya ba. Ya sake hawa tsani, wannan karon na mai gyaran rediyo, don tela ya kulle nasa da sarƙa. A ƙarƙashin sunan ya ƙara layi: ƘWAYA ƊAYA, KA MANTA DA DUNIYA. Sannan ya ɗaura lasifika a keke ya shiga unguwa, lungu-lungu, har ƙofar makarantar firamare.

"Jama'a, ekstasi ta iso unguwarku. Akwai ja, akwai kore. Ƙwaya ɗaya ta ishi babba. Ranar bikin buɗe shago yara kyauta."

Abin da Ƙamus bai sani ba, kuma babu wanda ya sani a layin, shi ne akwai wata muguwar ƙwaya da hukuma ta haramta, wadda 'yan shaye-shaye ke kira da wannan sunan.

Tun da yammacin ranar wasu irin masu saye suka fara zuwa. Ba sa sallama da ƙarfi. Sai su leƙa hagu, su leƙa dama, su sunkuyo kan kantar shagon.

"Mama, akwai kaya?"

"Ga su nan a kwalba, ɗana. Me ya sa kake raɗa? Babu kunya don babba ya sha alawa."

"A fili kike ajiye su?"

"To a ina zan ajiye? Ƙarƙashin gado?"

Wani mai jajayen idanu ya sayi kore guda ɗaya, ya shiga tasin da babu ƙofofi, ya haɗiye ta da ruwa, ya rufe ido yana jira. Ya daɗe a haka. Daga baya ya fito ransa a ɓace.

"Mama, har yanzu ina tuna duniya. Har sunan mai gidan hayarmu ina tunawa."

"Haɗiyewa ka yi? Tsotsa ake yi."

Ƙamus ya dafa kafaɗarsa. "Wannan ta masu koyo ce. Ka dawo ranar buɗewa, za a fito da mai ƙarfin."

A cikin masu raɗar akwai wani mai hular sanyi, wanda bai sayi komai ba sai tambaya. Ƙamus kuwa bai taɓa samun mai sauraro irinsa ba. Ya ja shi kan benci, ya saya masa ruwan sanyi.

"Wa ya kawo ta unguwar nan?" in ji mai hular.

"Unguwa? Ƙasar nan gaba ɗaya ni na shigo da ita. Kafin ni babu wanda ya san ta."

"A ina ake haɗawa?"

"A kicin ɗin gidanmu. Yaya ce ke dafawa a babbar tukunya, amma ilimin nawa ne. Ita hannu ce kawai, ni ne kai."

"Kuma da gaske yara za ku ba?"

"Daga yara ake farawa. In yaro ya saba, shi zai janyo uwarsa."

Mai hular ya share goshi, ya ce zai dawo da abokansa.

"Ka zo da su duka," in ji Ƙamus. "Zan sa a ajiye muku kujerun gaba."

Ranar buɗewa, tun da hantsi layin ya cika. Yara sun zo karɓar kyauta. Iyayensu mata sun biyo su, wasu da muciya a hannu, don labari ya fara yawo. Direbobi sun ƙaro matattun tasi har sun kai bakin shagon tela. Masu jajayen idanu sun jeru a inuwa suna jiran mai ƙarfin. Mai farar riga ma ya zo, sanye da rigar mai jan fenti, yana tambayar wanne ne Ƙamus.

Ƙamus ya fito cikin kwat ɗin aro wadda hannayenta suka rufe masa yatsu. Ya ce laccar da zai gabatar ba ta ƙasa ba ce, ya hau rufin tasin da kaza ke ciki, ya karɓi lasifika.

"Jama'a, taken jawabina shi ne ekstasi, asalinta, ma'anarta, da yadda na kawo muku ita."

Bai rufe baki ba wata babbar mota ta tsaya a bakin layin. Jami'an da ke farautar masu sayar da miyagun ƙwayoyi suka diddiro, mai hular sanyi a cikinsu, yanzu da kaki a jikinsa. Wata mace mai anini a kafaɗa ce a gaba. Masu jajayen idanu suka ɓace kamar ba a taɓa haihuwarsu ba, ɗaya har ya bar takalmi.

Ƙamus ya washe baki. "Kun gani? Har gwamnati ta turo wakilai. A ba manyan baƙi wuri. Ranki ya daɗe, ga kujerar gaba."

Ya ɗaga ƙafa zai yi musu jinjina irin ta soja, ya buga ta da ƙarfi. Rufin motar, wanda tsatsa ta gama cinyewa, ya buɗe. Ƙamus ya nitse har ƙirji ya maƙale, hannaye a sama, lasifika na nan a bakinsa. Kazar ta fito ta taga tana kururuwa. Daga ciki ana ganin ƙafafunsa suna neman abin takawa.

Shugabar jami'an ko kallonsa ba ta yi ba. Ta wuce cikin shago. "Mama, ke ce mai dafawa?"

Yaya ta dafa kantar shagon. "Ni ce, 'yata. Sukari ne da lemo da ɗan kala. Wallahi ko gishiri ban sa ba."

Suka zazzage kwalabe, suka leƙa ƙarƙashin kanta, suka buɗe buhun sukari. Wani ya tafi gida ya dawo da babbar tukunyar a ka. Shugabar ta ɗauki ja guda ɗaya, ta fasa, ta shinshina, ta ɗiga mata wani ruwa daga 'yar kwalba, ta jira. Babu abin da ya faru. Ta ɗauki wata ta jefa a baki. Ta ɗan tsaya. Ta ɗauki kore.

"Ranki ya daɗe, me gwajin ya nuna?" in ji mai hular.

"Ban gama ba," ta ce, ta ɗauki mai ruwan ƙwai.

Sai da ta tsotse ta tas sannan ta fito ta tsaya gaban tasin. "Malam, kai ka rubuta allon nan?"

"Da hannuna," in ji Ƙamus ta lasifika, layin duka ya amsa.

"Ka san me kalmar take nufi?"

"Ranki ya daɗe, masana sun kasu biyu."

"Ba su kasu ba. A wurin horo an koya mana. Kalmar Turanci ce, amma asalinta daga Girkanci ne, kalmomi biyu aka haɗa, waje da tsayuwa. Wato murna ta yi wa mutum yawa har ya fita daga hayyacinsa, kamar ya fito ya tsaya a wajen kansa."

Mai faci ya matso. "Ya fito daga jikinsa ya tsaya a waje? To wa zai tsare masa jikin?"

"Shi ya sa ake barin ɗan'uwa a kusa," in ji Ƙamus da sauri. "Yana cikin kashi na biyu na jawabina. Ranki ya daɗe kin riga ni ne kawai."

"To tunda ka san wannan, ka san kuma sunan haramtacciyar ƙwaya ne. Ka yi shela a ƙofar makaranta. Ka gaya wa jami'ina kai ka shigo da ita ƙasar nan." Ta harɗe hannu. "Abu biyu ne, Malam. Ko dai ka san kalmar, ka san abin da kake tallatawa, mu tafi da kai. Ko kuma ba ka san komai ba, ka faɗa a gaban jama'a, mu bar ka."

Nan take layin ya cika da shaidu.

"Ranki ya daɗe, bai san komai ba," in ji tela. "Zan rantse."

"Ko agogo bai iya dubawa ba," in ji mai gyaran rediyo. "Wanda ke hannunsa tun bara ya tsaya."

"Ni tun muna yara na san shi," in ji mai faci. "Aji ɗaya ya maimaita har malamin ya yi ritaya ya bar shi a ciki."

Ba a taɓa ganin maƙwabta sun haɗa kai wajen ceton mutum da irin wannan nishaɗi ba. Har mai rigar fenti, wanda bai san shi ba, ya ɗaga hannu ya ce shi ma shaida ne.

Yaya ta zo ta tsaya kusa da motar, ta yi ƙasa da murya. "Auta, ka faɗa kawai. Ka ce ba ka sani ba, mu koma gida."

Ƙamus ya dubi Yaya, ya dubi jama'a, ya dubi babbar motar. Gumi na bin wuyan kwat ɗin aro.

"Ranki ya daɗe, idan mutum ya san rabi fa?"

"Babu rabi."

"A can wurin naku, ana ba da abinci?"

"Ana bayarwa."

Ya ja dogon numfashi, ya gyara lasifika. "Jama'a, ku shaida. Na san kalmar, na san uwarta, na san ubanta. A zo a cire ni."

Sai da direbobi suka shafa masa baƙin mai a haƙarƙari sannan ya zaro, wandon ya tsaya a ciki. Aka naɗa masa tawul ɗin shugaban tasha. Ya taka zuwa babbar motar, kansa a sama, yana ɗaga wa mutane hannu, ya nemi a ba shi gidan gaba, aka tura shi baya.

Motar na tashi, matan da suka zo da muciya suka ce bari su ɗanɗana abin da shugabar jami'ai ta kasa ajiyewa. Wadda ta ɗanɗana ta saya. Direbobi suka saya wa iyali. Yaya ta sa tela da mai faci suka sauke katakan biyu, tela ya taka su da ƙafa har sau da yawa fiye da yadda aikin ke buƙata. Kafin azahar ta aika gida a ɗora wata tukunyar.

Da la'asar sakaliya babbar motar ta dawo. Shugabar ta fito da kanta, ɗankwalin da ke ƙarƙashin hularta ya karkace, tana dafe da kai. A bayanta Ƙamus ne cikin tawul, bakinsa bai tsaya ba.

"Shi ya sa ake ce masa ofis, ranki ya daɗe. Wani ne ya shiga ya ga aiki ya yi yawa, ya ce 'of', abokinsa ya ce 'is'."

"Mama," in ji shugabar, "ga ƙanenki. Mun bincika, babu laifin da za mu rubuta masa. Ya yi wa mai ɗaukar bayani lacca har ya nemi hutun rashin lafiya. Mun sa shi a ɗakin tsaro, waɗanda ke ciki suka ce za su amsa duk laifin da ake zarginsu in dai za a raba su da shi."

Yaya ba ta ɗago ba, tana ƙulla wa wata mata alawa a leda. "Ai ya ce ya sani. Ku riƙe shi ya gama sanar da ku."

"Mama, don Allah."

"Kin ga layi, 'yata. Ba ni da wurin ajiye shi yau. Ku dawo da shi in kasuwa ta lafa."

Shugabar ta dubi Ƙamus, wanda ya riga ya kama mai hular sanyi yana yi masa bayanin asalin kalmar hula. Ta dubi kwalaben da ke kan kantar shagon.

"In na sayi jajayen nan duka, za ki karɓe shi?"

Yaya ta ajiye ledar. Ta ƙare wa ƙanenta kallo tun daga tawul har alƙaluman aljihu.

"Ki haɗa da korayen," ta ce.